Wane ruwa ne ke juya injin lantarkin zafin ƙasa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. An ce mana ana samun wutar lantarki daga ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa ko da bai kai ga tafasa ba. To, da wane tururi ake juya injin?

Amsa: Ɗana, tururin wani ruwa ne daban. Ruwan rijiyar yakan bi ta bututu ya ɗumama wani mai saurin tafasa, ba tare da sun gauraya ba, sannan a mayar da shi ƙasa. Tururin na biyun ne ke juya injin. Daga nan a sanyaya shi ya koma ruwa, ya sake zagayowa.

An fi amfani da isobutan, ɗan'uwan gas ɗin girki, wanda ke tafasa tun a digiri 12 ƙasa da sifiri, da kuma fentan mai tafasa a digiri 36. Ka zuba fentan a kofi da tsakar ranar Afrilu a Maraɗi, da kansa zai tafasa. Da shi tashar Olkariya ta 3 a Kenya ke aiki, domin ya fi dacewa da rijiya mai zafi sosai. Isobutan da fentan dukansu suna kama wuta, yoyo kaɗan haɗari ne.

Abin da nake so ka riƙe shi ne sanyayawar, don a nan ƙasa irin tamu ke shan wuya. A Cena ta jihar Alaska a Amurka, tun 2006 aka samu lantarki da ruwa mai digiri 74 kacal, da gas ɗin firji R134a. Sirrin kuwa, suna da ruwa mai sanyin ƙanƙara a kusa. Mu fa? Gulbin Maraɗi yakan ƙafe da rani, dole a sanyaya da iska, iskar kuma ta haura digiri 40 a daidai lokacin da kowa ke neman fanka. Idan ratar da ke tsakanin zafin rijiya da zafin iska ta ragu, wutar da ake samu ma sai ta ragu. R134a kuma yana cikin sinadarai masu ɗumama duniya da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Kigali ta 2016 ta ce a rage, ni ba zan gina sabuwar tasha a kansa ba.

Idan Allah ya kai ka Tafadek, maɓuɓɓugar ruwan zafi ta kusa da Agadas, auna zafin ruwan, ka auna na iskar bazara. Da alƙaluman nan biyu za ka fara zaɓen ruwan da tururinsa zai juya injin.