Wata bakwai da samun bugun zuciya, amma ƙirjina bai daina ciwo ba

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Zariya, shekarata 54. Wata bakwai da suka wuce na samu bugun zuciya aka kai ni Abuja aka sa mini ɗan ƙarfen nan da ke buɗe jijiyar zuciya da ta toshe. To tun bayan wata uku ƙirjina ya dawo da ciwo, wani lokaci kamar an ɗora mini dutse, wani lokaci kuma zafi kamar barkono. Na yi ECG sau uku ana cewa lafiya lau, wani ya ce olsa ce, wani ya ce tunani ne. Wallahi har tsoron barci nake. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Na fara da abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato maganar ECG sau uku lafiya lau. ECG ɗin da aka yi maka kana kwance, ciwon ya riga ya lafa, hoton 'yan daƙiƙu ne kawai na wutar zuciya, mutum zai iya samun jijiyar da ta tsuke sosai kuma takardar ta fito tas, domin a kwance zuciya ba ta buƙatar jini da yawa. Don haka bai isa a sallame ka da shi ba.

Kuma ka lura ciwo iri biyu ka faɗa mini, na dutse da na barkono, ni a ganina ba lallai ne abu ɗaya ba ne.

Na dutsen shi ne nake so a fara bi. Idan yana zuwa ne lokacin da kake hawa bene, ko ka ɗauki kaya a shago, ko ka yi sauri don ka riski jam'i, ko ranka ya ɓaci, sannan ka tsaya minti biyu zuwa biyar ya sake ka, to wannan zuciya ce take cewa jini bai ishe ta ba. Dalilan da muke gani kullum: wani lokaci nama ne ke tsirowa a cikin ƙarfen da aka sa, a hankali hanyar ta sake tsukewa, kuma yawanci tsakanin wata 3 zuwa 12 hakan ke bayyana, ka ga lokacin ya yi daidai da naka, musamman idan kana da ciwon suga. Wani lokaci kuma ƙarfen lafiyarsa ƙalau, wata jijiyar ce daban, don manyan jijiyoyin da ke shayar da zuciya uku ne, ranar da aka kai ka a gaggauce wadda ta toshe ita aka buɗe, mai yiwuwa an ga wata da ta fara tsukewa aka bar ta sai daga baya. Ka ɗauko rahoton aikin da aka yi maka a Abuja, a ciki yake a rubuce, mutanenmu da yawa ba sa karɓar wannan takarda kuma ita ce abu na farko da zan nema da a gabana kake. Akwai kuma waɗanda za a duba manyan jijiyoyin a ga babu komai amma ƙananan, waɗanda hoto ba ya kamawa, su ne ba sa buɗewa yadda ya kamata, ko kuma jijiyar ta dinga murɗewa da kanta cikin dare ko da asuba. Su ne aka fi yi wa rashin adalci a ce musu tunani ne, alhali ciwo ne na gaske kuma yana da magani.

Na barkonon kuwa, wanda ya ce olsa bai yi nisa ba. Kana shan asfirin tare da Plavix ko Brilinta kullum, wato magungunan hana jini daskarewa, kuma suna iya cin ciki. Idan zafin na tasowa bayan ka ci tuwo da yaji ka kwanta, ko da ɗaci a maƙogwaro, ciki ne mafi yawa. Amma dan Allah kada ka ce tunda su ke jawo shi bari in ajiye su. Bayan bugun zuciya yawanci wata 12 ake haɗa biyun, wanda ya yanke da kansa jini na iya daskarewa a cikin ƙarfen farat ɗaya, kuma wannan yana kashewa. Maganin kare ciki ake ƙarawa, kuma idan Plavix kake sha mun fi son fantofirazol a kan omefirazol saboda omefirazol na rage masa ƙarfi. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne, asibiti a ranar.

Sai kumburin rigar zuciya, wato tantanin da ya lulluɓe ta, wanda ke zuwa makonni bayan bugu, shi sukarsa kamar wuƙa, yana ƙaruwa in ka ja numfashi ko ka kwanta rigingine, ya ragu in ka zauna ka sunkuya. Wanda kuma in ka danna da yatsa ka ji nan ne, galibi haƙarƙari ne.

Tsoro ma yana sa ƙirji ya ɗaure da gaske, ban raina shi ba, wanda ya ga abin da ka gani dole ya dinga sauraren ƙirjinsa. Amma sai an gama bincike ake ɗora masa laifi, kuma shi ma a yi masa magani.

Abin da za ka yi, ka nemi likitan zuciya takanas, a asibitin koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano akwai sashen zuciya, kuma cikin makon nan nake nufi. Kafin ka je ka riƙa rubutawa a ɗan littafi: ƙarfe nawa ciwon ya zo, me kake yi, minti nawa ya yi, me ya kwantar da shi. Ka tafi da duk kwalayen magungunanka har da na gargajiya. A yi eko a ga yadda zuciyar ke matsa jini, a auna yawan jini don ƙarancinsa kaɗai na iya tayar da ciwon, a duba suga da ƙoda da kitsen jini, mai irin tarihinka ana so mugun kitsen nan LDL ya sauka ƙasa da 1.4 mmol/L. Sannan gwajin da ake sa zuciya aiki, kana tafiya a kan na'ura ana kallonta. In ya nuna matsala, ko ciwon na ƙaruwa, sai a sake anjiyogiram, wato hoton jijiyoyin zuciya da ake ɗauka ta hanyar zura siririn bututu. Na san kuɗi ne ba kaɗan ba, shi ya sa ake bi daki-daki.

Ka tambaya a ba ka GTN, maganin buɗe jijiyoyin jini da ake sawa a ƙarƙashin harshe. In ciwon ya zo ka zauna tukuna, don yana sa jiri, ka sa ɗaya. Idan bayan minti 5 bai sauka ba, ko ya zo kana zaune ba ka yi komai ba da gumi da amai ko numfashi na sarƙewa, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi, kada a jira gari ya waye, kada ka tuƙa da kanka, a kai ka sashen gaggawa a yi ECG a lokacin da ciwon ke ci, da gwajin jini na turofonin da ke nuna ko naman zuciya ya ji rauni, kuma a maimaita shi bayan 'yan awanni.

Abu biyu da marasa lafiya ke jin kunyar faɗa mini. Maganin ciwon jiki na kemis, Feldene, Cataflam, Brufen da haɗin nan da ake ƙullawa a leda, ka rabu da su, suna cin ciki suna kuma ƙara haɗarin wani bugun, farasitamol ya wadatar. Na biyu maganin ƙarfin maza, Viagra da danginsa, har da na kwalba da ake cewa na itatuwa ne don sau da yawa an zuba shi a ciki. In ya haɗu da GTN jini na iya faɗuwa warwas, tazarar awa 24 ake so, Cialis kuwa 48. In kana amfani da su ka faɗa wa likitanka kai tsaye kafin ya rubuta maka GTN.