Kafin ka sayi janareta, zauna ka lissafa kayan gidanka tukuna

Salam ɗan'uwa. Naga tambayarka, kace kana da firij, firiza, fankoki huɗu, talabijin, famfon jan ruwa da AC guda ɗaya, kuma kana son sanin ko janareta mai ƙarfin 2.5kVA zai riƙe maka su in an ɗauke wuta ko sai ka haura 5kVA. Naga mutane sunata jero maka sunayen kamfanoni, wannan yace Honda wancan yace Yamaha, toh ni ba ta nan zan shigo ba, don na daɗe ina fama da injinan nan, kuma abinda na lura shine yawancin waɗanda injinsu ke mutuwa da wuri ba laifin kamfani bane, lodi ne ya kashe shi.

Abu na farko, lambar da ka gani an rubuta ɓaro-ɓaro a jikin tanki kar ta ruɗe ka. Sau da yawa wannan lambar iyakar ƙarfin da injin zai iya bayarwa ne na ɗan lokaci kaɗan, ainihin abinda zai iya ɗauka yana aiki awa da awanni yana ƙasa da haka, kuma zaka same shi a ƙaramin rubutu a gefe ko cikin takardar injin. Ni lissafin da nake yi shine in ninka kVA da 0.8, kaga 2.5kVA ya zama wat 2000, 5kVA kuma wat 4000. Shi ma wannan ba'a so ka cika shi maƙil, ka tsaya wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari.

Yanzu zo mu duba kayanka. Ƙwayayen fitila na LED guda goma wajen wat 100 ne, fanka ɗaya wajen 70 toh huɗu 280 kenan, talabijin da dikoda kace 120, firij 150, firiza 200, ga cajin waya da kwamfuta. Duka dai ba zasu wuce wat 1000 ba. In da iya nan ka tsaya wallahi 2.5kVA ya ishe ka har da rara. Matsalar tana wajen famfo da AC ɗin nan. Doki ɗaya (wato HP, ma'aunin ƙarfin inji) wat 746 ne a lissafi, amma AC mai doki ɗaya a aikace yana jan kusan 900 zuwa 1000, famfo mai doki ɗaya ma kusan haka. Sannan duk abinda ke da mota ko kwamfiresa a cikinsa, lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninki biyu zuwa uku na abinda yake ci in ya daidaita, wani ma fiye. Shi yasa zaka ji inji yana tafiya lafiya lau, firiza na tashi sai yayi wani irin gurnani fitilu su dushe na daƙiƙa ɗaya sannan ya dawo. Toh ka ƙaddara famfo ne ya tashi alhali AC na kunne, ƙaramin inji ko dai birekarsa ta faɗi ko ya mutu, in kuma ana ta maimaita masa haka kwayil ɗin ne zai ƙone, kwamfiresan firij ɗinka ma yana shan wahala a wannan raunin wutar.

Don haka a ganina 5kVA ka nema, da sharaɗin ba zaka haɗa famfo da AC lokaci guda ba. Ka cika tankin ruwa tukuna, ka kashe famfo, sannan a kunna AC. Dutsen guga da hita da butar lantarki kuwa kowanne shi kaɗai yana cin wat 1000 zuwa 2000, ka gaya wa mutanen gida su bari sai an kawo wuta. Kuma kar wani yace maka ka sayi ƙato kawai ka huta, babban inji yana shan mai sosai ko da fanka biyu ya ɗauka, na dizal kuma in ya daɗe yana aiki ba lodin kirki yana tara dauɗa a ciki har kaga baƙin ruwa na ɗiga ta salansa.

Maganar fetur ko dizal, ya danganta da awa nawa kake kunnawa. In na 'yan awanni ne da dare fetur ya wadatar. In kuma kusan wuni zai riƙa yi, dizal yafi juriya, musamman manyan da ke juyawa 1500 a minti maimakon 3000 na ƙananan. Akwai kuma mai inbata, wutarsa tsaf take kuma bashi da ƙara sosai, yana rage gudu in lodi yayi ƙasa, sai dai tsada. In ba shi zaka saya ba ka tabbatar akwai AVR, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, saboda talabijin da kwamfuta, ka nemi mai kwayil na tagulla, da wanda ke kashe kansa in baƙin mai yayi ƙasa. Sannan ka tambayi bakaniken da zai riƙa duba maka ko ana samun kayan gyaransa, inji komai kyansa in babu kayansa kwanciya zai yi.

Dan Allah ka sa mai aikin wuta ya haɗa maka cenjoba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar layi da ta inji. Kar ka yarda da dabarar soka wayar inji a soket ɗin bango, wutar tana iya komawa kan layi ta kama mai gyara a saman fal, kuma in aka kawo wuta bagatatan injin ne zai tafi. Wajen ajiya kuma waje ne, a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa na kallon nesa da ɗaki. Banda gareji, banda ƙarƙashin bene ko da an buɗe ƙofa, gubar da ke cikin hayaƙin bata da wari bata da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. In tsoron ɓarayi ne ka yi masa keji na ƙarfe mai shan iska.

In ka sayo, juyen baƙin mai na farko bayan awa 20 ne, daga nan duk awa 50 zuwa 100 gwargwadon abinda takardarsa ta ce. Ka tada shi ba lodi ya ɗan ɗumama kafin ka juya cenjoba, kar ka zuba fetur yana kunne ko yana da zafi, in kuma zai daɗe a ajiye ka rufe makunnin mai ka barshi ya shanye na cikin kafireto. Ka duba jikin AC ɗin naka ka turo mana doki nawa ne, in ɗaya da rabi ne ko biyu toh lissafin ya canza sai mu sake.