Tambaya da Amsa: Ni mai hoton waya, mi zan koya wajen masu hoton da?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni matashi ne daga unguwar Ali Dan Sofo nan Maradi, ina ɗaukar hoto wajen biki da suna, wani lokaci da waya wani lokaci da kyamarar da yayana ke ba ni aro. Hotunan suna fita tas amma wallahi ba su da rai, kala ce kawai. Wani ya ce in riƙa kallon aikin masu hoton da. To mi zan koya wajen masu hoton baƙi da fari, ko dai in tara kuɗi in sayi kyamara mai tsada?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna, wanda ya ba ka shawarar nan bai cuce ka ba.

Fara da Seydou Keïta na Bamako. Kafinta ne tun farko, a 1948 ya buɗe wajen ɗaukar hotonshi, kuma yawancin aikin a tsakar gida yake yi da hasken rana, ba wasu fitilu ba. Bango kuwa zanen gadonshi ya fara ratayawa, daga baya ya riƙa sauya yadi mai ado. Fim na da tsada lokacin, shi ya sa galibi sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum, to ka ga dole kafin ya danna sai ya gyara zaman mutum, ina hannu zai kwanta, ina fuska za ta juya, ya baza riga ta cika hoton, in kana so ya ara maka rediyo ko agogo ko babur ka fito da su. Kai kuma fa? Na san halinmu, sai mu danna talatin a jere muna fatan Allah ya sa ɗaya ta yi kyau. A nan ran hoton yake ɓacewa. Bikin da za ka je na gaba, ɗauka fim ɗaya gare ka, kada ka taɓa madanni sai ka duba bayan amarya, ba bokiti ba igiyar shanya ba yaron da ke leƙe.

Sai haske, nan zan daɗe don shi ne ciwon masu hoton garin nan. Ranar Maradi da tsaka ba ta da tausayi, tana sa ramin ido ya yi baƙi goshi na ƙyalli, ga angonka ya sha farar shadda, waya sai ta auna farin rigar ta rage haske, fuska ta nutse. Kai shi bakin zaure ko gindin katanga inda inuwa take sumul, ya fuskanci waje, sannan ka taɓa fuskarshi a gilashin wayar don ta auna daga can. Ka kiyayi ƙarƙashin bishiya in rana na ratsa ganye, dabbare-dabbare zai fito. Da sassafe ko bayan la'asar sun fi, kuma hazon hunturu da kowa ke ƙorafi a kai abokinka ne, yana tausasa haske kyauta.

Malick Sidibé shi ma ɗan Bamako, shi na dare ne, yana bin samari da 'yan mata wajen rawa da fitilar kyamara, sun saba da shi har sun manta yana wurin. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na Venis ta Italiya. Mu ma muna da namu, Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar Yamai a shekarun 1960 da 1970. Darasinsu ɗaya ne, matso kusa, yi hira, bari a yi dariya tukuna. Jawo hoto daga nesa da yatsa ragwanci ne kuma yana ɓata shi.

Wanda na fi so ka kwaikwaya dai Ojeikere ne na Najeriya. Daga 1968 ya kama kitson mata ya yi ta ɗauka, kusan hoto dubu, yawanci ta ƙeya a gaban bango wanda ba komai. Kai ma zaɓi abu guda ka bi shi wata da watanni, ko lalle, ko rawunan dogarai ranar hawan salla, ko hannun 'yan kokowa da layunsu. Amma ka nemi izini, balle mata, kuma kada ka watsa hoton kowa a Facebook bai sani ba.

Zancen baƙi da fari, ba wai ka riƙa cire kala bayan ka ɗauka ka ce ka zama Keïta ba, uwar amarya ma ba za ta biya ka ba in ba ta ga kalar leshinta ba. Ka mai da wayar baƙi da fari lokacin gwaji kawai, na sati biyu haka, don idonka ya koyi ganin inda haske ya faɗa. Rubuta sunayen nan a Google hotunan za su fito, ka zaɓi guda ka sa ƙanenka ya zauna irin zaman, ka gwada a zaurenku. In ka yi, aiko mana mu gani, sannan mu yi maganar kyamara.