Amsa ga mai tambaya a kan rubutun kaburburan Mada'in Salih

Malam, tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin ni ma na tsaya gaban duwatsun nan na Al-Hijr, wato Mada'in Salih da ke ƙasar Saudiyya, ina kallon rubutun da ke saman ƙofofi, babu mai gaya mini abin da ya ƙunsa. Ka tambaya ko gidajen Samudawa ne. Waɗanda aka yi wa ado a fuska kaburbura ne na Nabatawa, mutanen da suka sassaƙa tsohon birnin Petra na ƙasar Jordan a Jordan, kuma rubutun da ke ɗauke da kwanan wata ya kama daga wajen shekara ta 1 kafin miladiyya zuwa ta 75 bayanta. Batun hukuncin ziyartar wurin kuwa, malamai za ka tuntuɓa.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne ɗan jagoran da muka biya kuɗi mai yawa, wanda ya rantse mana cewa yana karanta rubutun. Da na nuna masa allon da ke saman wata ƙofa, sai ya ce tsafi ne, ya hana ni ɗaukar hoto, ya daka mini tsawa a gaban dattawan da muke tare, ya kora mu mota kamar awaki, alhali ko Ƙasr al-Farid, kabarin nan da ke tsaye shi kaɗai wanda ba a gama sassaƙa ƙasansa ba, ba mu ƙare kallo ba. Wallahi ban ƙara ce masa uffan ba har muka koma Madina.

Rubutun takardar mallaka ce da aka sassaƙa a dutse. Yana ambaton mai kabarin da magadan da za a binne a ciki, yana hana sayarwa ko jingina ko haya, yana kiran tsinuwar Dushara da Manat, allolin Nabatawa, a kan wanda ya saɓa, sannan ya yanka tara. Da yawa an rubuta su ne a zamanin Sarkin Nabatawa Harisa na huɗu, kuma mata ma suna da nasu, irin Hinat 'yar Wahbu.

Kada ka yarda da jagoran da ba shi da lasisi, kuma ka je da sassafe ko da la'asar, lokacin da inuwa ke fito da haruffan. Idan kana karanta Larabci, ka lura da yadda wasu haruffa suke haɗewa da juna, domin daga wannan rubutu ne na Larabci ya samo asali.