Ambaliya a Auyo: me gwamnati ke yi ban da rabon tabarmi?

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a karkarar Auyo, jihar Jigawa. Ruwa ya cinye mini gona a 2022, aka ce sauyin yanayi ne. Ban da buhun hatsi da tabarmar da ake rabawa bayan ɓarna, me gwamnati ke yi?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Sauyin yanayi na da hannu, domin ruwan sama kan zubo da yawa cikin ɗan lokaci. Sai dai a wajenku ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba. Kachala kuwa, wato doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, abin nema ya samu. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, sai ruwan damina ya rasa mafita ya fantsama cikin gonaki. Don haka a ganina aikin da ya fi shafar ka shi ne yashe kogi da cire kachala, wanda ya rataya a wuyan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatin jiha. Aikin rani ne, duk wanda ya fara shi a Agusta ya makara. Kuma kachala ba ta jin sara ɗaya, tofowa take yi, dole a ware mata kuɗi duk shekara.

Akwai kuma hasashe. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan faɗi lokacin da ake sa ran saukar damina da ɗaukewarta, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma ta fitar da ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Abin takaici, sau da yawa saƙon ba ya wuce ofis. Ka matsa wa malamin gonarku da tambaya kafin ka zuba iri.

Manyan alƙawura ma an yi su. A 2021 Buhari ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi, ya kuma ce a taron duniya kan sauyin yanayi a Gilasgo Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take zuƙewa daga iska nan da 2060. Shirin katangar itatuwa na Tarayyar Afirka ya haɗa da Jigawa, amma wannan ya fi amfanar mutanen Maigatari da Babura masu fama da rairayi.

Kai dai ka bincika inshorar amfanin gona ta NAIC, hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya. Ana shiga ne tun farkon shuka, ba bayan ruwa ya ci gona ba.