Amsa: Ɗaukar hoton manyan baƙi a wajen biki

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya ɗaukar jarumar Kannywood da za ta zo kamun ƙanwarki a Tudun Wada, ki ɗora a TikTok. Ki fara sanar da uwar biki, ita ta nemi yardar baƙuwar. Zumunci ya kawo ta, ba aiki ba. In ta amince, mai hoton biki ya ɗauke ta da amarya, kada a taru a cusa mata wayoyi a fuska.

Bidiyo ne ya fi damuna. Kamu taron mata ne, an ajiye mayafi, ana rawa ana liƙi. Ke jaruma kike ɗauka, amma a bayanta ga matan aure da ba su san za su yawata a intanet ba, kuma irin wannan kan jawo rigima a gidan miji. Kada ki ɗauke ta tana cin abinci.

In kuwa hakimi ne daga fadar Zazzau ya halarci ɗaurin auren, mazan gidan su durƙusa su gaisa tukuna, su jira dogari ya ba da dama. Ɗorawa a intanet kuma sai kin sake neman izini daban.