Tambaya da Amsa: Ɗana likita zai koma Selma, barci ya ƙaurace mini

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Zariya. Ɗana na fari likita ne, ya yi shekara 3 yana ƙaro ƙwarewa a wani asibiti a Amurka. Yanzu ya ce wai sai ya je ya yi aiki a wani ƙaramin gari da ake kira Selma, a jihar Alabama, kafin a bar shi ya zauna a ƙasar. Ƙaninsa ya duba a waya ya ce mini garin talakawa ne, ana harbe-harbe, shugabannin garin ma kullum cikin rigima suke. Ashe a Amurka ma akwai irin wannan? Na ji ka taɓa cewa a kudancin ƙasar kake zaune. Don Allah ka gaya mini gaskiya: in hana shi, ko in sa masa albarka?

Hajiya, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa likita albarka, ya bar miki shi. Ƙanin nasa bai yi miki ƙarya ba. Sai dai waya gutsuren labari take bayarwa, ta bar mutum da fargaba.

Da farko, ba hukunci aka yi wa ɗanki ba. Likitan da ya shiga Amurka da bizar karatu, doka ta ce in ya gama ya koma ƙasarsa ya yi shekara 2. Amma akwai wata ƙofa da aka buɗe tun 1994: kowace jiha tana iya riƙe likitoci baƙi har 30 a shekara, da sharaɗin su yi shekara 3 a wurin da ke fama da ƙarancin likitoci. Shi ya sa in kika shiga asibitocin ƙananan garuruwan kudu za ki tarar da 'yan Indiya da 'yan Pakistan da 'yan Najeriya. 'Ya'yan ƙasar ba sa son zuwa.

Sau biyu na je Selma. Zuwan farko a watan Maris ne, lokacin bikin da suke yi duk shekara na tsallaka gadar Edmund Pettus. A kan gadar nan ne ranar 7 ga Maris 1965 'yan sanda suka far wa baƙaƙen fata masu tattakin neman 'yancin zaɓe da kulake da barkonon tsohuwa, har aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai. Wata biyar bayan haka shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Ranar bikin gari ya cika maƙil, ga manyan 'yan siyasa daga Washington, ga masu ɗaukar hoto, ga masu sayar da riguna. Na dawo gida ina cewa ai garin da ransa.

Zuwa na biyu ranar Talata ce, ba biki ba komai, hanya ce kawai ta biyo da ni. Na ajiye mota a babban titinsu, Broad Street, na taka da ƙafa. Gine-gine ne na jan bulo masu kyau, tsofaffi, amma shago ɗaya a buɗe, na kusa da shi an rufe tagoginsa da katako. Na gangara wajen cocin Brown Chapel, inda masu tattakin suka riƙa taruwa, na tarar da gidajen gwamnati na marasa ƙarfi sun kewaye shi. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar gidansa ya tambaye ni ko na makara ne, don masu hoto sun tafi tun watan jiya. Dariya ya yi, ni kuwa kunya ta kama ni.

Yadda aka yi garin ya kai haka, labarin auduga ne. Yankin yana da baƙar ƙasa mai albarka, a kanta aka tara bayi suna noma wa turawa, kuma ta kogin Alabama ake lodin audugar daga Selma. Bayan an 'yanta bayi, jikokinsu suka ci gaba da noman a matsayin 'yan ƙodago, ƙasa ta mai gona, bashi nasu. Da injin tsinkar auduga ya yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka daina buƙatar hannuwansu, dubbai suka tattara suka yi arewa, su Shikago da Detroit. Abin da ya riƙe garin bayan nan sansanin sojan sama ne mai suna Craig, inda ake horar da matuƙa jirgi. A 1977 aka rufe shi, albashin da ke zagayawa a kasuwar garin ya tafi da shi. Wanda ya san Kakuri kafin a rufe masaƙun Kaduna da bayan an rufe su ba ya buƙatar dogon bayani. Babbar hanyar tarayya ma ba ta bi ta Selma ba, ta Montgomery, babban birnin jihar, ta bi, kuma can ne kamfanin motoci na Hyundai ya buɗe masana'antarsa a 2005. A ƙidayar 1960 mutanen Selma sun haura 28,000. A ta 2020 ba su kai 18,000 ba, kuma wajen 8 cikin 10 baƙaƙen fata ne. Akwai sauran aiki, kamar masana'antar takarda ta International Paper da kamfanin Bush Hog mai ƙera injinan yankan ciyawa, amma ba su isa ba. Kwalejin Concordia da ke garin ma ta rufe a 2018. A ranar 12 ga Janairu 2023 kuma guguwa ta ratsa tsakiyar gari ta kwashe rufin gidaje masu yawa.

Maganar rigimar shugabanni, nan ne nake so ki ba ni aron hankalinki, don nan abin yake. A farkon 1965 baƙaƙen fatar da aka yarda suka yi rajistar zaɓe a gundumar da Selma take ciki ba su wuce 2 cikin 100 ba. Sun samu ƙuri'a a shekarar, amma kujerar magajin gari ba ta zo hannunsu ba sai bayan shekara 35. Joe Smitherman, bature, shi ne magajin gari ranar da aka yi dukan kan gada, kuma in ban da ɗan taƙin da ya yi a tsakani, yana kan kujerar har 2000, lokacin da James Perkins ya kayar da shi ya zama baƙar fata na farko da ya hau. Kafin ranar ta zo, masu kuɗi sun riga sun janye jiki. Tun 1965 aka buɗe makarantar kuɗi ta Morgan Academy don 'ya'yan turawa. A 1990 aka yi babbar rigima da ƙaurace wa aji kan sallamar baƙar fata na farko da ya shugabanci makarantun garin, daga nan yawancin turawan da suka rage suka kwashe 'ya'yansu daga makarantun gwamnati. Wasu suka koma bayan gari, wasu suka bar yankin ɗungurungum.

Kin ga an miƙa musu makullin rumbu bayan an kwashe hatsin. Alabama na cikin jihohin da harajin gida da fili ya fi ƙanƙanta a duk ƙasar, saboda tsarin mulkin jihar na 1901 masu manyan gonaki ne suka tsara shi yadda ba zai taɓa aljihunsu ba. Saboda haka gari irin Selma da harajin cinikin kanti yake rayuwa. Kanti ya rufe, asusu ya ragu. Asusu ya ragu, a kasa biyan ɗan sanda abin kirki, da ya samu horo sai ya gudu garin da ya fi biya. A 2018 magajin gari na lokacin, Darrio Melton, ya shiga takun-saƙa da kansilolinsa kan kasafin kuɗi da kan wa ke da ikon naɗa shugaban 'yan sanda, har ya dakatar da ma'aikatan gari fiye da 60. Ban wanke kowa ba, akwai son kai da riƙon gaba na dangi da dangi, kamar kowane ƙaramin wuri da kowa ya san kakan kowa. Amma a ganina ko waliyyai aka zaɓa, faɗan zai tashi, don tuwon bai kai yawan hannuwan da ke cikin kwanon ba.

Harbe-harbe gaskiya ne. In aka auna da yawan jama'a, Selma ta sha fitowa cikin garuruwan Alabama da kisan kai ya fi yawa. Bindiga tana da sauƙin samu, kuma tun farkon 2023 dokar jihar ta yarda baligi ya ɗauki ƙaramar bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba. Sai dai ki lura da su wa abin ke ci. Mafi yawansa tsakanin samari ne da suka san juna, unguwa da unguwa, ramuwar gayya kan abin da aka yi wa wani bara ko maganar da aka rubuta a Facebook. Ba tare hanya ake yi ana kwashe matafiya ba, ba a kuma bin likita gida don kuɗin fansa. Iyayen yaran garin su ne ke kwana da zullumin da kike ciki, kuma nasu ya fi naki dalili. Ɗanki zai fi haɗuwa da bindigar ne a ɗakin gaggawa, a jikin ɗan wani.

Abin da zai fi damunsa daban ne. Alabama ta ƙi faɗaɗa Medicaid, inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, don haka zai riƙa ganin masu ciwon suga da hawan jini da ba su zo ba sai da ƙafa ta ruɓe ko ƙoda ta gaza, saboda mai aikin dala 7.25 a awa ba ya zuwa asibiti don ciwon kai. Likitan da ya yi aiki a gida ya san wannan fuskar. Sai kaɗaici. Gari ne na coci, mutanensa masu gaisuwa da fara'a, za su kira shi dokta su kawo masa abinci, amma ba zai ji kiran salla ba.

Ni dai shawarata ki sa masa albarka. Ki ce masa kafin ya kama haya ya tambayi ma'aikatan jinya, su suka san titin da ake kwana lafiya da wanda ba a bi bayan isha'i. Kada ya kama gida ta hoton intanet, arahar da zai gani za ta ruɗe shi. Ya nisanci siyasar garin, don kowane ɓangare zai so a gan shi da likita, shi kuwa baƙo ne mai biza. In yana da iyali da yara 'yan makaranta, ya duba zama a Montgomery, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, kuma akwai masallatai a can da zai samu Juma'a. Takardar aikin kuma ya kai wa lauya ya karanta kafin ya sa hannu, domin shekara 3 ɗin nan ba a fita cikinsu da sauƙi in wuri bai yi daɗi ba.

In kin samu mai zuwa za ki yi masa saƙo, ki sa kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, mai ɗauka ya bayyana su a filin jirgi. Kilishi da dambun nama kam ki bar su a Zariya, jami'an kwastan ƙwacewa za su yi.